Bawa Mai Walda da Takalman Bakin Ƙofa

Bawa mai walda na Bodinga mafaɗaci ne, mai saurin duka, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. In an haɗa shi da baƙo, kafin a gama gaisuwa yake cewa, "Ina da duka, ka sani tun yanzu." A gefen kekensa na guragu ya liƙa wani ɗan bututu, a ciki yake soke guntun rodi da ya naɗe wa mariƙi da robar taya. Masu taimako ya tanadar wa rodin. Duk wanda ya kama masa keke ta baya ya tura ba tare da ya tambaya ba, a yatsunsa zai ji. Ya karya wa wani mahauci yatsu biyu. Ya fasa wa ɗan kabu-kabu goshi. Wani alhaji ya taɓa jefa masa sadaka a cinya ranar kasuwa, Bawa ya bi shi har bakin mota ya farfasa masa fitila.

Da ƙafafunsa aka haife shi. Yana saurayi dakon albasa yake yi, daga ƙauyukan Shagari zuwa kasuwa. Wata rana yana zaune a saman lodi taya ta fashe, motar ta kwanta a gefen titi, buhuna suka danne shi. Har ya tsufa yana rantsuwa cewa a ƙarƙashin buhunan nan yana motsa yatsun ƙafarsa. Mutane suka sheƙo da gudu suna salati. Wani ya kama hannuwa, wani ya kama ƙafafu, suka finciko shi, suka naɗe shi kamar tabarma don ya shiga bayan ƙaramar mota. A wurin naɗewar ne ya ji wani abu ya ɓalle a gadon bayansa. Daga ƙugu zuwa ƙasa bai ƙara jin komai ba. A asibiti a Sakkwato ya matsa wa likita da tambaya, likitan ya ce da a kan katako aka shimfiɗe shi, wataƙila da sauƙi. Bawa bai riƙe motar a zuci ba, bai riƙe direba ba. Hannuwan nan ya riƙe.

A zaune ya koyi walda, ya kuma zaɓi abin da ya sani. Kekunan guragu yake ƙerawa, masu taya uku da feda ta hannu, da sandunan dogarawa. Ba ya yi wa mutum keke sai ya gan shi, ya ga gidansa. Zai matsa damtsenka, ya duba ƙasar ƙofar gidanku. Mai zama cikin yashi tayar babur yake sa masa, mai faɗi. Mai ciwon baya ya yi masa majingini dogo da bel da soso mai kauri, saboda gyambo. Kujerun nan masu ƙananan tayoyi a gaba da ake rabawa kyauta kuwa, sunansu a wurinsa "jira a tura ka". Ya ce an yi su ne don siminti, mu kuwa yashi gare mu.

Yawo ne abin da yake so bayan duka. Kowace shekara in an gama girbi sai ya zaɓi wuri ya je gani: madatsar ruwa ta Shagari, wata kasuwa mai nisa, bakin gulbi. Amma ba ya zuwa ko'ina a makance. Sai ya fara leƙawa da wani kara da ya yanke daidai faɗin kekensa, ya gwada ƙofa, ya ga inda yashi ya yi zurfi, ya ga inda mutum irinsa zai kewaya ba tare da an riƙe masa wando ba. Matarsa Indo takan ce ko Aljanna aka ce ya shiga, sai ya aika da karan nan tukuna.

Wata shekara 'yan'uwan wani manomin albasa na Dandin Mahe suka zo shagonsa neman keke. Sunan manomin Sha'aibu. Amalanke ce ta kife masa a hanyar fadama, bayansa ya tafi. Bawa ya ce ba ya ƙera wa labari keke, ya sa Ɗanjuma mai a-kori-kura, wanda ke kai shi duk tafiyarsa, ya kai shi can.

Ya tarar da mutum a ɗaki mai duhu, fuska ga bango, wari ya cika wurin. Tuwon jiya na nan a rufe ba a taɓa ba. Tun a zaure an gaya wa Bawa dalili. Ranar jana'izar baffansu, 'yan'uwa suka ɗauko Sha'aibu su huɗu don ya samu salla. A tsakiyar mutane wandonsa ya zame, fitsari ya zubo masa a gaban surukansa. Tun ranar bai ƙara fita ba, yanzu kuma ya fara ƙin abinci.

Bawa ya matso da keke har bakin katifa.

"Kai ne gawar da anka ce in auna?"

Sha'aibu bai juyo ba. Bawa ya miƙa hannu ya sharara masa mari a kunne. Kafin ya janye, Sha'aibu ya birkito ya cafke masa maƙogwaro da hannu ɗaya, ya matse har idanun Bawa suka firfito. Da ƙyar ya ɓamɓare yatsun. Ya yi tari, ya tofar, ya shafa wuya.

"To," in ji shi. "Hannun ga ya isa keke. Tayar babur za a sa maka."

"Baba, tahi da kekenka. Ina zan je da shi?"

"Ina kaka zuwa da kana mutum?"

Sha'aibu ya dubi ƙafafunsa. Can ya ce mahaifinsa kan kai shi ziyara Sifawa bayan girbi, garin da Shehu ya zauna, su shiga makwancin wasu malamai su yi addu'a. Da kansa ya ci gaba da zuwa bayan rasuwar tsohon.

"Bana ma za ka," in ji Bawa.

"A ɗauke ni kamar buhu, a shiga da ni? Baba, in anka ƙara ɗaga ni gaban mutane, ɗakin ga zan komo, kuma ba ni hita sai a makara."

"Da hannunka za ka shiga, da hannunka za ka hito. Kowa yat taɓa ka, ni da shi. In na kasa, komo ka mutu, ni ka kawo likkafani."

A kan wannan suka rabu. Da yamma Sha'aibu ya ci tuwo.

Bawa ya ƙera keken, ya kai, ya riƙa zuwa Dandin Mahe yana koya masa a tsakar gida. Koyarwar zagi ce da duka a bayan hannu. In Sha'aibu ya saki feda a kan tudu, rodi. In ya manta birki, rodi. Tafin hannunsa ya yi kanta, kafaɗunsa suka dawo. Amma ko zaure bai yarda ya leƙa ba. Ya ce fitarsa ta fari Sifawa ce, in ta ɓaci ita ce ta ƙarshe.

Sai Bawa ya tafi Sifawa da karansa. Ya sami wani tsoho da ke kula da wurin, ya gaishe shi da ladabin da ba a san shi da shi ba. Ƙofar ta wuce karan da kaɗan. Dokin ƙofar ne ya yi tudu, Bawa ya ce wannan aikin katako ne. Saura magana ɗaya: wurin ba a shiga da takalmi, tayoyi kuwa sun taka kashin awaki da duk abin da ke kan hanya.

"Allah shi gafarta malam, tayoyin ga su ne ƙafafunmu," in ji Bawa. "Ba mu iya tuɓe su."

Tsohon ya duba keken. "To ƙafa ai wanke ta akan yi. Ku zo da buta."

Bawa ya koma ya haɗa katako mai faɗi da kauri, ya ɗaure shi da ƙarfe ta ƙasa, ya hau ya sauka a kansa har ya gamsu. Ya auna yashi, ya auna ƙofa, ya san inuwar da mota za ta tsaya. Amma da hantsin ranar da babu kowa ya je. Takalmi ƙafa ɗaya ya gani a bakin ƙofar, na tsohon, an aje a gefe.

Ranar tafiya Indo ta ce za ta bi su, ita za ta wanke tayoyi. Tana cika buta ta dubi bututun da ke gefen keken.

"Mai walda, wurin bayin Allah za mu. Bar ƙarhen ga gida."

"Bayin Allah na kwance ba su ɗaga kowa. Na tsaye nika tsoro."

Suka ɗauko Sha'aibu daga Dandin Mahe. Da kansa ya hau bayan motar ta kan katakon, ya sa sabuwar riga, ya ja hula har gira.

A Sifawa suka tarar da manyan motoci biyu sun sauke 'yan ziyara daga wani gari mai nisa, maza da mata, suna ta alwala. Bawa bai so haka ba, amma ya ga idon Sha'aibu na neman hanyar komawa, sai ya ce a ci gaba. Ɗanjuma ya shimfiɗa katakon a dokin ƙofa, ya tafi gyara wa mota tsayuwa. Indo ta durƙusa a gefe tana wanke tayoyin Sha'aibu, sannan na mijinta. Duk sun ba ƙofar baya.

Baƙin nan suka zo shiga. Na farko ya ga katako mai tsabta a bakin ƙofa, ya ɗauka don takalmi aka aje shi, ya tuɓe nasa a kai. Na biyu ya bi. Kafin Indo ta gama, katakon ya ɓace a ƙarƙashin silifa da sandal da sau-ciki, har sun zubo ƙasa. Rabin mutanen sun shiga, rabi na tsaye a waje ƙafa ba takalmi suna jiran wuri.

Sha'aibu na gaba, kansa a sunkuye don kada ya haɗa ido da kowa. Ya ja feda kamar yadda aka koya masa. Tayar gaba ta hau takalma, ta zame, keken ya karkata ya tsaya rabi a kan katako.

"Dakata," in ji Bawa daga baya. "Jama'a, ku kwashe takalmanku. Kada wanda ya taɓa shi."

A cikin baƙin ba wanda ya ji rabin maganar na biyu. Wani saurayi mai faɗin ƙirji ya ce, "Ku kama wa bawan Allah, lada ce." Su huɗu suka rufar wa keken, suka ɗaga shi sama da mutumin a ciki, suna salati. Keken ya tuntsura gefe, bel ne kawai ya riƙe Sha'aibu. Ƙafarsa ta zame daga mataki, babban yatsa ya shiga tsakanin taya da ƙarfe ya tsage, jini na ɗiga bai sani ba. Hularsa ta faɗi. Bawa ya ga fuskarsa, ya ga ya runtse ido, ya saki feda, hannuwansa sun koma riƙe wando.

Bawa ya miƙa hannu gefen kekensa. Ya zaro rodi, ya ja keke da hannu ɗaya, ya sauke wa mai faɗin ƙirjin a tsintsiyar hannu. Ƙashin ya yi ƙara kamar busasshen kara. Na biyu ya samu a gwiwa, ya zube. Sauran suka saki, keken Sha'aibu ya dira a kan tayoyinsa.

Mai karyayyen hannu ya kurma ihu. Daga nan wani ya ce gurgun nan mahaukaci ne, ya zubar da jini a ƙofar waliyyai. Suka yo kansa. Bawa ya sami mutum ɗaya a haƙarƙari kafin su kifar da kekensa. Ya faɗi rubda ciki, ƙafafunsa suka harɗe a baya kamar tsumma. Wani ya murɗe rodin daga hannunsa ya maka masa a damtsen dama, ya ƙara, har hannun ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Wasu suka ɗebi takalman da ke kan katakon suna zabga masa a fuska da ƙeya. Ya tofar da haƙori. Indo ta rotsa wa wani buta a kai, aka ture ta ta faɗa cikin ruwan wankin taya. Tsohon mai kula da wurin ya fito yana ɗaga hannu, muryarsa ba ta kai ko'ina ba. Bawa na ƙasa yana cizon duk agarar da ta zo kusa da bakinsa.

Ba wanda ke kallon Sha'aibu. Hanya a buɗe take zuwa mota, kuma can ya fara juya kan keken. Sai ya tsaya. Ya ja baya kaɗan don ya sami wurin ɗaukar gudu, ya sunkuyar da kai, ya murza feda da duk ƙarfin kafaɗun da Bawa ya dawo masa da su. Masu dukan nan duk ba takalmi a ƙafarsu, keken kuma ƙarfe ne da tayar babur. Ya bi ta kan yatsu, ya doki ƙwauri, ya ja baya ya sake shigowa. Farce ya ɓalle, wani ya zauna daɓas yana riƙe da ƙafa. Taron ya dare. Sha'aibu ya gitta keken tsakaninsu da Bawa, ya sunkuya ya ɗauki rodin daga ƙasa, ya ɗora a cinya.

Sai a lokacin aka ji tsohon. Bai ɗaga murya ba. Ya ce katakon nan na mutanen nan ne, shi ya ba su izini, an kuma ce kada a taɓa, da kunnensa ya ji daga ciki. Ya tambayi baƙin ko dukan gurgu suka yi wo tafiya su yi. Kunya ta kama su, kuma da kunyar ta zo sai ta zo da taimako. Suka ga jini na bin fuskar Bawa, suka ce a kai shi asibiti. Hannuwa suka miƙo, wani wajen ƙafafu, wani wajen hammata.

Bawa ya ga hannuwan na zuwa, nasa kuma ba ya ɗaguwa.

Sha'aibu ya buga rodin a ƙarfen kekensa. "Kowa yat taɓa shi, ni da shi."

Suka tsaya. Ɗanjuma, wanda ya iso da gudu, ya ce to a ɗauko katakon a shimfiɗe Bawa a kai, haka yake so. Ya nufi ƙofa zai janye.

"Bar shi nan," in ji Bawa. Maganar na fita da jini. "Katako guda ne. Shi shiga tukuna."

"Baba, hannunka ya karye," in ji Sha'aibu.

"Na sani, nawa ne. Indo, tayoyinai sun taka ƙazanta, sake wankewa. Ɗaure mashi yatsan ga kuma, yana zuba."

"Kai ko kana kwance cikin jini?" in ji Indo.

"Jinin bai ƙarewa yanzu. Wanke."

Ta karɓi butar wata mata ta wanke, ta yagi bakin mayafinta ta ɗaure yatsan. Baƙin suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsinci takalminsa daga kan katako da inda aka jefar, ba mai duban wani. Sha'aibu ya ɗauki hularsa ya sa. Ya daidaita tayar gaba, ya ja feda, ya hau, ya wuce dokin ƙofa, ya shige. Mutane suka buɗe masa hanya, hannuwansu a baya.

Bawa ya kwanta a rana, ƙudaje na bin bakinsa, yana zagin duk wanda ya matso. Tsohon ya tsaya a kansa ya yi masa inuwa da riga. Sha'aibu bai yi sauri ba, addu'arsa ya yi cikakkiya, irin wadda mahaifinsa ya koya masa. Da ya fito, ya sauko, sannan Ɗanjuma ya janye katakon. Bawa ya gaya musu yadda za su mirgina shi a kai, da inda kowa zai riƙe, suka bi. Da shi da saurayin da ya karya wa hannu, mota ɗaya ta kai su asibiti, suna kwance kafaɗa da kafaɗa ba mai ce wa wani sannu.

Maganar ta je gaban mai gari. Aka tambayi Bawa ko kuskure ne. Ya ce, "Allah shi ba ka nasara, Allah shi ja zamaninka, da gangan na doke shi. Da hannun ga na da sauran aiki, da na ƙara." Da yake kowane ɓangare ya karya na wani, aka yi sulhu. Hannun saurayin ya warke. Na Bawa ya haɗe a karkace, bai ƙara murza feda ba, bai ƙara riƙe walda da kyau ba. Shagon ya koma hannun wani, shi yana zaune yana zagi in an yi ba daidai ba.

Sha'aibu bai koma ɗakin ba. Yana sayar da albasa a kasuwar Shagari, a kan keken nan, kuma ba a san shi da duka ba. In mutum ya kama masa keke, yakan ce masa a hankali, "Sake, na gode," mutum ya saki.

Bawa kuwa yanzu tura shi ake yi. Indo ce ke turawa, kuma kullum sai ta tsaya a gabansa ta ce, "Mai walda, in kama?" In bai amsa ba ta bar shi a rana ta tafi aikinta. Rodin ta sa shi sakatar garken awaki. Yawon gani ya ƙare, makwancin nan na Sifawa ma bai taɓa shiga ba. Mutane kan zo gaishe shi su tambaya ko akwai abin da za a yi masa. Ba ya karɓar komai, addu'a ma cewa yake ku riƙe abarku. Abu ɗaya yake roƙo, ga mai zuwa ziyara da mai zuwa masallacin unguwa duka:

"In kun tuɓe takalmanku, ku aje su gehe. Ku bar bakin ƙohwa."